AMSAR WASIƘUNKU: Shin gaskiya ne mata na shugabancin gidajen caca a ƙasashen waje?

 Wasiƙar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga garin Kurfi, daga wani bawan Allah manomi da ke taɓa sayen hatsi in kaka ta yi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce gardama ce ta sarƙe a majalisarsu, bayan wani yaro ya nuna musu a waya hoton wata Baturiya da aka ce ita ce shugabar wani babban kamfanin caca, kuma wai albashinta ya fi na kowane namiji a ƙasarsu. Nan take wasu suka ce to ga ƙarshen bokon mata nan. Shi kuwa yana da 'ya da za ta gama sakandare bana, tana so ta karanta aikin akanta a jami'ar Dutsin-Ma. Don haka yake tambaya abu uku: mene ne wannan gidan caca na Turawa, da gaske ne mata ke shugabancinsa kuma ta yaya suka kai, sannan shi me ya kamata ya yi da 'yarsa?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Bari mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

GIDAN DA BA YA FAƊUWA

Abin da Turawa ke kira kasino gidan caca ne da hukuma ta ba lasisi, galibi a haɗe da babban otal, da wurin cin abinci, da wurin kallo. Ka manta da 'yan karta da ka sani a bayan gari, su da kartaginsu a kan tabarma. Waɗannan kamfanoni ne masu dubban ma'aikata, a buɗe suke dare da rana. Garuruwan da suka fi suna a wannan harka su ne Las Vegas a jihar Nevada ta Amurka, inda aka halatta caca a 1931, da Atlantic City inda aka buɗe gida na farko a 1978, da kuma Makawo, wani yanki da Fotugal ta mayar wa ƙasar Sin a 1999. Nan Nijeriya ma akwai su a wasu manyan otal na Legas da Abuja.

Kai da ka san awo, ga yadda suke cin riba. Akwai wani faifai mai juyawa da ake kira rulet, yana da gurbi 37, daga sifiri zuwa 36. Mutum ya zaɓi lamba ya aza kuɗi, in ƙwallo ta faɗa a lambarsa a ba shi ninki 35, a mayar masa da uwar kuɗinsa. To a ce mutum ya yi wayo, ya aza naira 100 a kan kowace lamba don kada ya rasa. Ya kashe naira 3,700 ke nan. Lamba ɗaya dole ta ci, a ba shi 3,500, a haɗa masa da 100 ɗinsa, ya tashi da 3,600. Ina sauran naira 100? Tana aljihun mai gida. Wato a kowace naira 100 da aka aza, gida na da naira 2 da kwabo 70 tun kafin a juya faifai. A irin faifan Amurka mai gurbi 38 kuwa, rabon gida ya haura naira 5. Daidai yake da mai sayen gero da babbar tiya ya sayar da ƙarama: wani na iya tsere masa yau, amma in an daɗe ana awo shi ne da riba.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, an hana ta a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma malamanmu na faɗa kullum. A dokar ƙasa ma, jihar Katsina na bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. A watan Oktoba na 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, sannan a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikin iyakarsu, ba gwamnatin tarayya ba. Saboda haka kada wani ya ji wannan bayani ya ce rediyo na tallar caca. Tambaya aka yi, amsa muke bayarwa.

YADDA MATAN SUKA KAI

Amsar tambayarka ta biyu ita ce e, akwai matan da suka shugabanci irin waɗannan kamfanoni, amma ba su da yawa, kuma ba da sauƙi suka kai ba. A 1958 hukumar birnin Las Vegas ta hana mata aikin rabon karta a tebur, saboda maza masu aikin sun yi ƙorafin za a ƙwace musu abinci. Sai wajen 1970 aka janye hanin. A 1981 kuma sai da hukumar gwamnatin Amurka mai kula da daidaito wajen ɗaukar aiki ta sa manyan gidajen suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar buɗe wa mata ayyukan da a da aka hana su.

In ka duba waɗanda suka kai ƙololuwa, za ka ga hanya uku suka bi.

Ta farko gado ko aure. Wata mata mai suna Claudine Williams ita da mijinta suka buɗe gidansu a Las Vegas a 1973. Da mijin ya mutu a 1977 sai ta hau kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta riƙe babban gidan caca a babban titin garin. A Makawo, wani attajiri Stanley Ho ya yi kimanin shekara 40 shi kaɗai ke da lasisin caca. 'Yarsa Daisy Ho ta gaje shi a shugabancin kamfaninsa a 2018, wata 'yar tasa Pansy Ho kuma ta yi haɗin gwiwa da kamfanin MGM na Amurka.

Ta biyu mace ta kafa nata. Baturiyar da aka nuna muku a waya, bisa kwatancen da ka yi, Denise Coates ce ta ƙasar Ingila. Lissafin tattalin arziki ta karanta a jami'a, ta fara aiki a shagunan cacar mahaifinta tana riƙe musu littafin kuɗi, sannan a shekarar 2000 ta kafa kamfanin Bet365 mai yin caca ta intanet. A shekarar kuɗi ta 2020 albashinta ya haura fam miliyan 400. Amma ka lura, ita ce mai kamfanin, ba ɗaukarta aka yi ba, kuma kowane fam a cikin kuɗin nan daga aljihun wanda ya faɗi ya fito.

Ta uku hawa mataki-mataki, kuma ita ce ta fi wuya. Misalinta Virginia McDowell, wadda ta fara daga ƙaramin matsayi a Atlantic City, ta yi wajen shekara 30 tana aiki, kafin a 2011 ta zama shugabar kamfanin Isle of Capri, ta riƙe har 2016. A zamaninta da ƙyar ka ƙirga irinta a manyan kamfanonin cacar Amurka.

ABIN DA KE TARE SU A HANYA

Nan ne darasin yake, domin abin da ke tare mace a can shi ke tare ta a banki, da asibiti, da ma'aikatar gwamnati. Mata sun cika ƙananan matsayi a gidajen nan, su ne masu karɓar baƙi, da kashiya, da masu rabon karta. Amma in ka ɗaga kai sama sai ka ga maza. Me ya kawo haka?

Na farko, tsanin da ake hawa. Ana farawa daga mai rabon karta, a zama mai sa ido a kan tebura, a zama shugaban sashe, a zama manajan da ke riƙe gida na tsawon duti guda, sannan babban manaja. In za a zaɓi babba, wanda ya taɓa riƙe kuɗin shiga da na fita ake dubawa. Mata kuwa in sun yi ƙoƙari, sai a karkata su sashen kula da ma'aikata ko sashen talla. Ofis ne mai kyau da albashi mai kyau, amma ba safai ake ɗauko shugaba daga can ba. Kamar ɗan kasuwa ne mai 'ya'ya biyu, ɗaya yana zuwa da shi Dawanau yana ganin yadda ake ciniki, ɗaya an bar shi yana tarbar baƙi a shago. Ranar da tsoho ya gaza, ka san wanda za a miƙa wa jari.

Na biyu, lokaci. Shekarun da ake tantance wanda zai hau, wato daga 28 zuwa 40, su ne shekarun haihuwa da raino. Ga aikin dare, ga canjin gari. Wadda ba ta da mai taimaka mata a gida sai ta haƙura da ƙarin girma, abokan aikinta maza su wuce ta.

Na uku, mai tsaya maka. Ba a ɗakin jarrabawa ake naɗa babban manaja ba, manya ne ke zama su ce wane ya isa. In duk manyan maza ne, kuma da maza suke hira bayan an tashi aiki, sunan namiji ne zai fara zuwa bakinsu.

Na huɗu shi ne wanda iyaye suka fi tsoro, wato lalata da cin zarafi. A watan Janairu na 2018 wata jaridar Amurka ta buga zarge-zargen da mata ma'aikata suka yi wa Steve Wynn, ɗaya daga cikin manyan masu gidajen caca na Las Vegas. Ya musanta, amma a watan Fabrairu ya sauka daga kujerarsa. A 2019 hukumar jihar Nevada ta ci tarar kamfanin dala miliyan 20, ta jihar Massachusetts kuma dala miliyan 35, saboda yadda manyan kamfanin suka yi sakaci da koke-koken. Bayan abin ya fashe ne kamfanin ya shigar da mata uku cikin kwamitin daraktocinsa. Ka ga inda babu mace a sama, ƙaramar ma'aikaciya ba ta da wadda za ta kai wa kuka.

MU DAWO GIDA

Yanzu ga masu cewa ƙarshen bokon mata gidan caca. A tambaye su, Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed fa? Aikin akanta ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin wanda 'yarka ke so, ta gama a 1981. Ta fara daga ma'aikatar kuɗi ta jihar Kaduna, ta yi aiki a kamfanin waya na NITEL, a hankali har ta zama Ministar Kuɗi ta Nijeriya daga 2018 zuwa 2023. Ka ƙirga, shekara 37 ke nan tsakanin digiri da wannan kujera. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 2012 zuwa 2014. Hadiza Bala Usman, 'yar marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, jinin Katsina, ta shugabanci hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa daga 2016 zuwa 2021. Aishah Ahmad ta zama mataimakiyar gwamnan Babban Banki daga 2018 zuwa 2023. Amina Mohammed kuma a 2017 aka naɗa ta mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

A bankunan kasuwanci ma an ga sauyi, kuma ba da kansa ya zo ba. A 2012, lokacin Sanusi Lamiɗo Sanusi na gwamnan Babban Banki, aka sa wa bankuna buri cewa kashi 40 cikin 100 na manyan manajoji, da kashi 30 na daraktoci, su kasance mata. Da aka fara ƙirgawa ana tambayar kowane banki ina nasa, sai aka fara ba mata riƙon rassa da sassan kuɗi. Bayan shekara tara, a 2021, mata suka hau kujerar manajan darakta a bankin Fidelity, da FCMB, da GTBank, sannan Zenith ya biyo baya a 2024. In kuma damuwarka kuɗin ruwa ne, akwai bankunan da ba sa mu'amala da riba: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, sai Lotus da aka buɗe a 2021 da mace, Kafilat Araoye, a kujerar manajan darakta. Ban da banki ma, asibiti na neman akanta, makaranta na nema, ƙaramar hukuma na nema, kamfanin taki da na sarrafa shinkafa duk suna nema.

Kuma riƙon dukiya da jama'a ba baƙon abu ba ne ga matanmu. Uwar muminai Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatake Sham. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. Ka duba cikin gidanka ma. Uwar adashin unguwarku tana riƙe kuɗin mata 20 ko 30, ta san ranar kwasar kowa, ta san wadda ta yi jinkirin zubi da dalilinta, ba littafi ba kwamfuta. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta san nawa ta sayi tiya, nawa ta ba mai niƙa, nawa ya rage mata. Wannan shi ne aikin manaja. Bambancin adashi da caca kuwa a fili yake: a adashi kowa zai kwashi abin da ya zuba, a caca sai wani ya yi kuka wani ke dariya.

SHAWARARMU GA MAI TAMBAYA

Malam, hukunci naka ne da mahaifiyarta, mu shawara ce tamu, ga ta.

Da farko ka duba takardunta. Tana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sannan ta zauna JAMB. Mu da muka taɓa riƙe alli mun san Lissafi ne ke kayar da yara da yawa, don haka in za ka kashe kuɗi a kan darasin yamma, kashe a nan. Makarantu kuwa Allah ya kawo muku kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tun 2011 take, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Bayan digiri da shekara guda ta bautar ƙasa, akanta na ƙara jarrabawar ƙwararru ta ICAN ko ANAN, kuma wannan takarda ce ke buɗe ƙofar manyan kujeru.

Na biyu, maganar tsaro, wadda mutumin Kurfi ba ya bukatar a yi masa bayaninta. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Saboda haka kada ka bar maganar masauki a hannun yarinya. Ka je da ƙafarka, ka nema mata ɗakin kwana na cikin makaranta, in bai samu ba a sa ta gidan dangi ko amintaccen mutum a tsakiyar gari, ba gefen gari ba don arhar haya.

Na uku, maganar aure. Karatu ba ya hana aure, aure ma ba ya hana karatu in an yi magana tun da wuri. Ranar da magabatan yaro suka zo neman aure, a faɗa musu a gaban shaidu cewa za ta ƙarasa karatu kuma za ta yi aiki, a ji amsarsu. Abin da aka yi shiru a kansa ranar tambaya shi ke zama rigima bayan biki. Ku kuma sani dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Hakkinta ne, ba alfarma ba.

Na huɗu, in ta fara aiki, ka gaya mata kada ta guji wurin da ake riƙe kuɗi da ɗaukar nauyi don neman sauƙi. In an ce wa zai riƙe reshe, ko wa zai je binciken littattafai, ta miƙa hannu. Ta nemi wata babba a wurin aikin mai mutunci ta riƙe ta uwar ɗaki. In wani ya nemi ya ci mata mutunci, ta san gidan ubanta a buɗe yake kuma za a saurare ta, domin yarinyar da ke tsoron a ce da ma mun faɗa, ita ce ke haɗiye abin da bai kamata ba.

Na biyar, duk aikin da aka kawo mata, a tambaya me kamfanin ke sayarwa. Yanzu akwai shagunan cacar ƙwallo a garuruwa da yawa da ke ɗaukar 'yan mata aikin kashiya, wasu kuma ta waya suke tallar aikin. Albashin na iya jan ido, amma a bar shi. Su kuma mutanen majalisarku, a tuna musu cewa cacar da ke cin dukiyarmu yau ba a ofishin 'ya mace take ba, tana cikin wayar samarinmu, inda kuɗin buhun masara ke narkewa a daren wasan ƙwallo guda. Wanda ya iya lissafin da muka yi a sama ba ya aza kuɗinsa a can, mace ce ko namiji.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, Allah ya yi wa yarinya albarka, ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Muna gaida jama'ar Kurfi da Dutsin-Ma da kewaye, manoma da 'yan kasuwa, Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa. Masu tambaya a kan farashin taki da maganar ajiyar wake, wasiƙunku sun iso, suna kan layi.